Fuskar Ranau da Tafin Hannun Magaji

Akwai wani mutum, manomi, wanda ya kafa gidansa a kan tudu. Ɗa ɗaya tak ya haifa, sunansa Magaji. Sauran mutanen gidan kuwa, iyayensu ya ɗauko tun suna 'yan kaɗan, ba su da gona ba su da rumbu, ya riƙe su kamar 'ya'yansa, suka hayayyafa har gidan ya zama kamar ƙauye.

Mutanen gidan tudu suna da tsaga, layi uku a kuncin hagu. Duk yaron da aka haifa, ranar suna wanzami yake zuwa ya yi masa. Suna kuma da dokokin da maigida ya ba su. Ba sa cin tarwaɗa. Ba sa shuka iri biyu a kunya ɗaya. Rana ta bakwai ba mai taɓa fartanya. Akwai wasu da yawa, waɗanda in na tsaya lissafa su, tuwonku sai ya huce a gida. Magaji ma yana da tsagar, shi kaɗai ne kuma ba a taɓa kama shi da ƙetare ko ɗaya daga cikin dokokin ba.

A gindin tudun akwai kogi, a bakinsa kuma akwai masunta. Tsakaninsu da mutanen tudu sai gaisuwa daga nesa.

Wata shekara aka yi ruwa kwana uku ba ɗaukewa, kogi ya cika ya batse. Wani babba a cikin 'ya'yan gidan tudu, mai suna Korau, ya gangara kwance shanu, ruwa ya kwashe shi. Magaji ya ji ihu, ya suri igiya ya sheƙa. Ya jefa, Korau ya kama, ya jawo shi gaɓa. Kafin ya sauke numfashi sai ya ji wata murya can tsakiyar ruwa, muryar mutumin da bai taɓa gani ba. Tafin hannunsa ya riga ya saluɓe, amma ya sāke jefawa. Ruwa yana ja, shi ma yana ja, igiya tana cin namansa, har ya fito da mutumin. Da aka kwance igiyar daga hannun Magaji, matan gidan suka kawar da kai.

Mutumin da aka ciro masunci ne, sunansa Ranau. Ruwa ya tafi da bukkarsa da kwalekwalensa da komarsa, ba shi da kowa kuma. Magaji ya kai shi gaban mahaifinsa yana ɗigar ruwa. Maigida ya dube shi, ya ce, "Yau na sami ɗa." Ya ba shi ɗaki, ya ba shi fartanya, ya yanka masa gona kusa da ta Korau.

To, shi Ranau mutum ne mai tambaya. Kai, ban taɓa jin mai tambaya irinsa ba! Akwai irinsa guda biyu a cikinku a wannan aji namu, ba zan kira suna ba, sun san kansu. In ya ga ana abu sai ya tsaya ya harɗe hannu ya ce, "Wai don me?" Don me ba a haɗa wake da gero a kunya ɗaya, alhali a kwari kowa yana haɗawa? Don me ake hutawa rana ta bakwai, ba ta shida ba? Tarwaɗa kuwa, da ya ji ba a cinta, sai da ya zauna a ƙasa. "Tarwaɗa? Me ta yi muku? Kun taɓa ɗanɗana ta da yaji kuwa?" Matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ba raini yake yi ba. Abin ne yake ba shi sha'awa, yana so ya san gidan da ya faɗo ciki.

Damina ta wuce, kaka ta zo. Al'adar gidan ce, ranar da aka gama shigar da hatsi rumbu, maigida yakan fito da wani babban akushi, ya zauna a tsakar gida, 'ya'yansa su kewaye shi su ci tare da shi. Baƙi da 'yan ƙodago akan zuba musu nasu a zaure, a ƙoshi kuwa, amma akushin nan na 'ya'ya ne kaɗai.

Saura kwana uku, Ranau da Korau suna ɗaure dami, sai Ranau ya ce, "Yaya, ranar akushi ta wane gefe zan zauna?"

Korau ya ci gaba da ɗaurinsa, sai can ya ce, "Ƙanena, taɓa kuncinka."

Ranau ya taɓa.

"Me ka ji?"

"Ban ji kome ba."

"To, ka gani. Tun da aka kafa gidan nan, mai fuska sumul bai taɓa sa hannu a akushin nan ba. Ba ƙinka nake yi ba, ina sonka. Shi ya sa nake gaya maka tun da wuri, don kada ranar a ce ka koma zaure a gaban jama'a. Je ka ga wanzami. Layi uku ne kawai, ka zama ɗa sosai."

Ranau ya ce, "Ai Baba ya ce ya sami ɗa."

"Ya faɗa. Amma wa ya ba mu tsagar? Ba shi ba ne?"

Ranau ya koma ga daminsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya riga ya rasa gida sau ɗaya, ba ya so ya sāke rasawa. Ya ga kansa zaune a zaure da ƙwarya a hannu, yana jiyo hirar 'ya'ya daga ciki, ya ji zuciyarsa ta yi nauyi. Amma hali ba ya barin mai shi. Ko a cikin tsoron, tambaya tana nan tana cizonsa: wai ita tsagar, don me aka yi ta?

Sai ya tafi wurin Gwaggo Tabawa, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan. Ya same ta a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya jawo ƙwarya yana taya ta.

"Gwaggo, wai don me ake yi mana... ake yi muku tsaga?"

Ta dube shi ta gefen ido. "Kai ɗan nan, bakinka ba ya gajiya? To, saurara. Da can muna 'yan kaɗan, mahara suna yawo ko'ina. Su ɗauke yaro a bakin rijiya, shi ke nan, ya girma a wata ƙasa, ya manta sunansa. Maigida ya ce ba zai yarda nasa su narke a cikin duniya ba. Ya sa aka yi mana alama. Ƙanena, an sace shi yana shekara huɗu. Bayan shekara ashirin wani ɗan gidan nan ya je cin kasuwa can nesa, ya ga wani yana ɗaukar kaya, da layi uku a kuncin hagu. Harshenmu ma ba ya ji. Amma aka kawo shi gida." Ta share ido da bakin zane. "A nan ya mutu, a ɗakinsa, cikin danginsa. Kada wanda ya gaya maka tsagar nan wasa ce."

Abin ya taɓa Ranau. Can ya ce, "Tarwaɗar fa?"

"Ita da su iri biyu da sauransu duk tafiyarsu ɗaya. Ya bambanta cinmu da nomanmu, don in mun shiga cikin mutane mu tuna mu na wane ne. Ya ce mu tsare kanmu, don wata rana daga gidan nan alheri zai gangara ya sami dukan mutanen kwari."

"Ya gangara, Gwaggo?"

"Oho! Ni dai gyaɗa nake ɓara. Kai da aka tsamo daga ruwa kake tambayata?"

Ranau bai gane maganar ba. Abin da ya ɗauka kawai shi ne tsaga abu ne mai kyau, kuma shi ba shi da ita. Daga nan ya zarce gidan wanzami.

Wanzamin tsoho ne mai barkwanci. Ya ji buƙatar Ranau, ya kama haɓarsa ya juya fuskar dama da hagu kamar mai tayin akuya. Ya ce, "Tabɗi! Ni jarirai na saba yi wa, su yi kuka su yi barci. Fatar ƙato irinka sai na wasa aska sau biyu. Zan yi maka. Amma ka san abin da kake ɗauka? Ba layi uku ba ne kawai. Wanda ya karɓi tsagar gidan nan ya karɓi dokar gidan nan, dukanta, daga ta fari har ta ƙarshe. Ba a zaɓe."

"Guda nawa ne?"

"Ni da na tsufa a nan ban gama ƙirgawa ba."

"Akwai wanda yake kiyaye su duka?"

Wanzami ya waiga, ya rage murya. "Magaji. In ka sami na biyu, zo ka nuna mini, in yi masa aski kyauta."

"Yaya Korau fa?"

Wanzami ya yi tari, ya shiga gyara zabirarsa.

Wannan ma ya ba Ranau mamaki. In mutum ɗaya ne kaɗai ya iya ɗaukar kayan, yaya sauran suke cin akushi kowace shekara? Ya juya tambayar a ransa har ya gaji, bai sami amsa ba. Da ya kamata ya je ya tambayi maigida da kansa. Mutumin da ya tambayi kowa a gidan, har da masu ɗebo ruwa, maigida kaɗai ne bai tambaya ba! Kunya ta hana shi, da tsoron abin da zai ji. Ya ce a ransa gara ya yi a ɓoye, ya fito da fuskarsa a gyare, Baba ya gani ya yi murna.

Ranar akushi da hantsi, ana can ana kwashe tuwo, Ranau ya zagaya bayan rumbuna. Wanzami ya kifa turmi ya ce ya zauna. Korau ya tsaya a bayansa ya riƙe masa kai. Wanzami ya wasa aska, ya ajiye baƙin tukunyar da za a shafa a yankan. Ranau ya runtse ido.

Sai aka ji murya, "Ina ɗana Ranau? Na ƙirga 'ya'yana, saura biyu."

Maigida ne, ga Magaji a bayansa. Wanzami ya ɓoye aska a bayansa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Maigida ya dubi turmi, ya dubi baƙin tukunya, ya dubi Ranau. Ya ce, "Me kake nema a nan, ɗana?"

Ranau ya zame daga kan turmi ya durƙusa. "Baba, so nake in zama ɗa sosai. Don in na shigo ƙofarka ka gane ni."

"Watanni biyar kana shigowa ƙofata. Da me kake tsammani nake gane ka?"



Maigida ya kira Magaji. Ya kama hannuwansa biyu ya buɗe su a gaban Ranau. Ga tabon igiya nan, ya ratsa tafin hannun daga wannan gefe zuwa wancan, fari fat, a murɗe, har yatsu biyu ba sa miƙewa daidai.

Ya ce, "Ga tsagarka. An riga an yi ta, jini ma ya riga ya zuba, ba naka ba. Duk sa'ad da na dube ka, wannan nake gani. In ka yanka fuskarka don ka zama ɗana, ka gaya wa ɗan'uwanka cewa hannunsa bai isa ba ke nan."

Ranau ya dubi hannun. Kullum yana ganinsa, a gona, a wurin cin abinci, amma bai taɓa tsayawa ya duba ba. Mai yawan tambaya, ga amsa a gabansa wata biyar! Hawaye suka zubo masa, ya kama hannun ya ɗora a kuncinsa na hagu, daidai inda aska za ta bi.

Korau ya ce, "Amma Baba, kai ka ba mu tsagar."

"Ni na ba ku, ban kuwa yi da-na-sani ba. Ita ta tsare ku har kuka kawo yau, ita ta dawo da ɓatattunku. Ga ta nan a fuskar Magaji ma. Riƙe taka, kada ka ji kunyarta. Amma Korau, gaya mini, ranar da ruwa ya kwashe ka, ya tsaya duba kuncinka?"

Korau ya sunkuyar da kai. "A'a, Baba."

"Me ya fito da kai?"

"Igiya."

"Wace igiya?"

Korau ya dubi Ranau. "Wadda ta fito da shi."

Maigida ya ce, "To, ku tashi. Tuwo yana hucewa."

Suna tafiya, Ranau yana share fuska, amma kun san halinsa. Ko tsakar gida ba su kai ba ya ce, "Baba, dokokin fa? Duk babu ruwana da su ke nan?"

Maigida ya yi dariya. "Na san za ka tambaya. Akwai waɗanda na bayar don a bambanta gidan nan da na maƙwabta har ranar da za a buɗe ƙofa. An buɗe, ga ka a ciki. Waɗannan ban ɗora maka ba. Akwai kuma waɗanda halina ne. Ba na ƙarya, ba na sata, ba na taɓa matar wani, ba na barin ɗan'uwa a cikin ruwa. Wanda yake ɗana zai yi kama da ni a waɗannan, da tsaga ko babu. In ka rasa gane wata, dubi Magaji ka yi yadda yake yi."

"Tarwaɗa fa, Baba?"

"Ci abarka. Sai dai kada ka gasa ta a ƙofar ɗakin Gwaggonka Tabawa. Shekara tamanin ba ta ci ba, ƙaurinta yana tayar mata da zuciya, ita ma kuma 'yata ce."

Aka zauna. Korau ne ya matsa ya ba Ranau wuri kusa da shi. Hannu mai tabo ya fara shiga akushi, sauran suka biyo.

Ma'anar wannan misali ita ce. Maigidan nan Allah ne. Gidan tudu jama'ar Isra'ila ce, wadda ya zaɓa ya keɓe wa kansa. Tsaga da dokokin ci da na noma su ne kaciya da ka'idodin Shari'ar da ya bayar ta hannun Musa. Magaji shi ne Yesu Almasihu, wanda aka haifa a cikin gidan, ya ɗauki alamar gidan, ya cika Shari'ar ba tare da ya zubar da ko ɗaya ba. Ruwan nan zunubi ne da mutuwa, ba ya kuwa duba kuncin kowa. Igiya da tabonta gicciye ne. Ranau kuwa mu ne, ni da ku, al'umman da ba a haifa a gidan ba, aka tsamo mu aka shigo da mu.

Tambayar Ranau ba sabuwa ba ce. Tun farkon ikkilisiya, da al'ummai suka fara ba da gaskiya, wasu masu bi daga cikin Yahudawa suka ce sai an yi musu kaciya, sun kuma ɗauki Shari'ar duka, sa'an nan za su sami ceto. Manzanni da dattawa suka taru a Urushalima, aka tattauna ƙwarai, aka ga cewa alherin Ubangiji ne ya ceci Bayahude, shi ne kuma ya ceci wanda ba Bayahude ba. Ba a ɗora wa al'ummai kayan ba, sai 'yan abubuwan da za su tsare su daga gumaka da fasikanci, su kuma sa 'yan'uwa su iya cin abinci tare.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malamin ya ce Shari'a banza ce. Ban faɗa ba! Wanda ya raina Gwaggo Tabawa bai san gidan da ya shigo ba. Ta wurin mutanen nan aka adana mana alkawari, daga cikinsu kuma Mai Cetonmu ya fito. Kada kuma wani ya ce tun da babu tsaga, sai ya yi abin da ya ga dama. Ɗa yana kama da ubansa.

Amma ga inda abin ya fi ci mini rai. Mu da aka shigo da mu da fuska sumul, mun zauna mun ƙoshi, sai ga mu mun sayi tamu askar. Wani ya zo daga wata kabila, muna leƙen tukunyarsa, wai suna cin abin da ba ma ci. Wata ta tuba jiya, ba mu tambaye ta ko ta ci abinci ba, muna tambayar ina ɗankwalinta na zumuntar matan ikkilisiya. Wani bai iya waƙoƙinmu ba, bai san lokacin tashi da na zama a sujada ba, muna taɓa juna muna murmushi. Haba jama'a! Ɗankwali yana da kyau, tsari yana da kyau, amma wanne a cikinsu ya shiga ruwa dominka?

Akwai kuma waɗanda har yanzu suke zaune a kan turmi. Shekara da shekaru kana cikin gida, amma zuciyarka tana ce maka saura abu ɗaya, ƙara azumi, ƙara wahalar da kanka, wataƙila sa'an nan Uba ya gane ka. Kana tambayar kowa, ba ka tambayi Uban ba. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, tashi daga kan turmin nan. Ubanka yana ta ƙirga 'ya'yansa, ya ga babu kai, ya fito nemanka. Ba fuskarka zai duba ba. Hannun Ɗansa zai buɗe ya nuna maka.